Wa Zai Biya Cikon?

Akwai wata muhawara da ake yi a gidajenmu wadda ba kasafai take fita waje ba, a tsakar gida ake yin ta ko a waya da dare. Yaro ya gama bautar ƙasa, ga aiki biyu a gabansa. Ɗaya a banki ne ko a wata ƙungiyar agaji mai albashi da tsoka. Ɗayan kuma koyarwa ce, ko aikin jarida, ko kiwo, ko ɗinki, abin da ransa ke so tun yana ƙarami, sai dai abin da zai riƙa samu bai kai rabin na farkon ba. Wani gidan kuma likita ce ta samu gurbi a Saudiyya, alhali hankalinta na kan asibitin garinsu, inda mata ke kwana a layi kafin su gan ta.

Da an buɗe zancen sai mu rabu gida biyu. Abokai su ce rai ɗaya ne, bi abin da kake so. Manya su ce so ba ya ɗora tukunya. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma dukansu suna magana kamar mai zaɓin shi kaɗai ne a duniya. Tsakanin albashin nan biyu akwai giɓi, tsakanin jin daɗin ayyukan biyu ma akwai giɓi, kuma duk wanda aka zaɓa sai wani ya biya cikon ɗayan. A ganinmu, kafin a tambayi mutum wanne ya fi so, a tambaye shi wa zai biya cikon, kuma ko mai biyan ya sani ya amince.

Tambayar baƙuwa ce a wurinmu

Kakanninmu ba su sha wannan ciwon kai sosai ba, domin a ƙasar Hausa sana'a gado ce. Ɗan maƙeri a bakin zugazugi yake tashi, ɗan wanzami da zabira a kafaɗa, ɗan marini a bakin karofi irin na Ƙofar Mata a Kano. Kowace sana'a da shugabanta, ga Sarkin Maƙera, ga Sarkin Aska, ga Sarkin Fawa, wanda kuwa ya bar ta gidansu ya kama wata sai ya sha tambaya. Ba mu ce kowa ya ji daɗin abin da ya gada ba. Amma ga da yawansu, son sana'a a baya yake zuwa, bayan hannu ya faɗa, mutane sun fara cewa a kai wa wane, shi ya iya.

Albashin wata-wata da Turawa ya yaɗu, bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903 sun tsara aikin En'e da makarantun boko. Daga nan kowane aiki ya samu lamba a goshinsa, ana iya jera malamin makaranta da akawu da malamin asibiti a ce wane ya fi wane da sule kaza. Yau abin ya wuce haka. Wayar da ke hannunmu tana nuna mana motar wanda muka zauna benci ɗaya da shi, da gidan da ya gina, da hotonsa a filin jirgi. Mun samu 'yancin zaɓin sana'a wanda kakanninmu ba su samu ba, tare da shi kuma muka samu damuwar kwatanta kanmu da wasu kullum.

Albashi ba na mai shi kaɗai ba ne

Mu fara ba manya haƙƙinsu. A wurinmu, ranar da aka ce wane ya samu aiki, gida guda ne ya samu aiki. A cikin albashin nan akwai maganin hawan jinin Baba, da kuɗin jarabawar ƙanwa, da buhun masarar Inna, da gudummawar bikin 'yar kawu. Sau da yawa gona aka sayar ko saniya aka kai kasuwa kafin yaron ya gama jami'a, ƙannensa kuma aka ce su dakata tukuna. Idan irin wannan ya ce ya haƙura da babban albashi saboda aikin da yake so, ba aljihunsa kaɗai ya taɓa ba. Ya yi kyauta da abin da wasu ke da rabo a ciki.

Zamanin ma bai bar wurin wasa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 daga 30,000, amma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashin tsada a kasuwanni da dama. Wanda ke cikin wannan hali, a ce masa kuɗi ba ya sayen farin ciki, ai ba'a aka yi masa.

Masu wannan magana sukan jingina da wani bincike da Daniel Kahneman da Angus Deaton na Jami'ar Princeton a Amurka suka fitar a 2010. Sun gano cewa jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa tare da samu, amma idan samun ya kai wajen dala 75,000 a shekara sai ƙaruwar ta tsaya. Abin da ake mantawa shi ne, a ƙasa da wannan layin binciken ya nuna rashin kuɗi yana ƙara wa ciwo da mutuwar aure da kaɗaici zafi. Kuma a 2023 Kahneman ya sake duba lamarin tare da Matthew Killingsworth, suka ga cewa ga yawancin mutane jin daɗin yana ci gaba da hawa har bayan wancan layin. To, mu da yawancinmu ko kusa da layin ba mu je ba, bai kamata mu raina kuɗi da baki ba. Uban da ya ce wa ɗansa ya kama mai tsokar ba lallai kwaɗayi ne ya sa shi ba. Ya san ranar da aka rubuta masa magani ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Aikin da ba a so ma akwai mai biyan kuɗinsa

Sai dai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yakan yi shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, kafin ya yi ritaya. Idan muka lissafa awa takwas a rana, kwana biyar a mako, muka cire hutu, za mu samu sama da awa 60,000. Kuma su ne zaɓaɓɓun awoyin rayuwa, na safe zuwa la'asar, na ƙuruciya zuwa furfura. Albashin da ya zube ana iya mayar da shi wata rana, waɗannan awoyin kuwa sun tafi ke nan.

Wanda ya shafe su a aikin da ya tsana ba shi kaɗai yake shan wahalar ba. Duk mun taɓa tsayawa a gaban ma'aikacin da ko ɗaga kai ba ya yi ya dube mu. Mun san ajin da malaminsa ke rubuta darasi a allo ya fita shan inuwa, da ɗakin haihuwar da ake daka wa mai naƙuda tsawa. Ba duka ne rashin so ya jawo ba, akwai ƙarancin ma'aikata da rashin kayan aiki da albashin da ba ya zuwa a kan kari. Amma a cikinsu akwai waɗanda aka tura aikin don an ce akwai samu, ransu bai taɓa shiga ba. Ɗalibi da majinyaci su ke biyan cikon. Da yamma kuma mutumin ya kwaso ɓacin ran ya kai gida, matarsa da 'ya'yansa su biya sauran.

Ba muna ba kowa uzuri ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya karɓi albashi amana ta hau kansa ko yana so ko ba ya so. Akwai dubban mutane, 'yan dako da masu gadi da masu shara, waɗanda ba a taɓa tambayar su me suke so ba, kuma suna yin aikinsu tsakani da Allah. Sun cancanci girmamawa fiye da yadda muke ba su. Abin da muke cewa shi ne, riƙe amana shekara 35 ba tare da ɗigon so ba kaya ne mai nauyi, kuma kaɗan ne ke kai shi gida bai zube ba.

Ga kuma wani tarko. Da yawa sukan ce bari in yi shekara uku a mai tsokar in tara jari, sannan in koma abin da nake so. Amma albashi yana zuwa da 'yan rakiyarsa. An koma unguwa mai tsada, an sa yara makarantar kuɗi, an ci bashin mota, dangi sun saba da abin da ake aikowa. Shekara uku ta zama ashirin, ƙofar da aka bari a buɗe ta rufe kanta a hankali ba wanda ya ji ƙararta.

So ne ko sha'awa?

Idan za mu nemi wasu su ɗauki nauyin zaɓinmu, wajibi ne mu tabbata abin da muke kira so ya kai a kira shi haka. A nan mukan kawo labarin Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba a gaji waƙa ba, mahaifinsa kuma bai so ya yi ta ba domin a lokacin roƙo ake ɗaukar ta. Ya taɓa tallar goro da alewa, amma waƙa ta rinjaye shi. Ya yi fiye da rabin ƙarni yana yin ta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya rasu a 1999 sunansa ya kai duk inda ake jin Hausa.

Labarin yana da daɗin ji, amma a yi hattara da shi. Muna jin labarin Shata ne saboda ya zama Shata. Waɗanda suka saɓa wa iyayensu suka bi kalangu, muryar ba ta kai ba, suka tsufa ba waƙa ba sana'a, babu mai ba da labarinsu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da yawanmu abin da muke so shi ne sunan aikin da tafin da ake yi wa mai shi. Muna son a kira mu marubuta, amma gyaran babi ɗaya sau biyar yana gundurar mu. Muna son hoton gona kore shar a Facebook, ba mu son tashin asuba ranar da cuta ta shiga kaji.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kowane aiki yana da ɓangarensa marar miya, kuma a nan ake gane mai so. Malamin da ke son koyarwa shi ne wanda duba takardun yara 80 bai sa ya tsani aji ba. Telar da ke son ɗinki ita ce mai farke abin da ta ɗinka ta sake, ko da mai kayan ba za ta lura ba. Alama ta biyu ita ce ƙwarewa. So na gaskiya yana barin shaida a hannu, aikin bana ya fi na bara, har waɗanda ba danginmu ba su fara nema su biya. Idan shekaru sun wuce babu wannan shaida, to wataƙila abin sha'awa ce, a ajiye ta a matsayinta na abin hutawa da yamma, ba laifi ba ne.

Yadda wasu manya suka yi

A 1095 Imam Ghazali yana kan kujerar koyarwa mafi daraja a zamaninsa, a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 na zama a gabansa, fada na girmama shi. Ya binciki zuciyarsa ya ga neman suna ya yi mata yawa, abin ya dame shi har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi. Ya bar kujerar da duk abin da ke tare da ita, kuma a shekarun da suka biyo baya ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Abin lura a nan, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, kafin ya fita sai da ya ware abin da zai ciyar da 'ya'yansa. Bai bar su su biya kuɗin neman natsuwarsa da yunwa ba.

Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, lokacin da masu albashin boko a Arewa ba su da yawa, ya shiga gwagwarmayar NEPU wadda ba ta da albashi sai ɗauri da tsangwama ga mabiyanta. Daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, amma da ya rasu a 1983 bai bar wata dukiya ba, gidansa na Gwammaja shi ne Mambayya da Jami'ar Bayero ke kula da shi yanzu. Wanda ya zaɓi irin wannan hanya dole ya rage wa kansa buƙata. Ba a haɗa ƙaramin samu da babban buri na abin duniya, in an haɗa su kuwa, ko dai a ci amana ko a zama kaya a wuyan dangi.

Hanya ta uku ita ce ta Abubakar Imam, kuma ita ta fi kusa da yawancinmu. Yana malamin Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933. Bai ajiye alli ba sai da alƙalami ya nuna zai iya riƙe shi. Aikin da ya yi ne ya sa aka neme shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Marubutanmu da yawa a yau haka suke yi, ofis ko shago ko aikin gida da rana, rubutu a waya da dare. Ba gazawa ba ce mutum ya bar wani aiki ya ciyar da abin da yake so har ya yi ƙafa.

Kada so ya zama igiya

Akwai masu cin riba da son da wasu ke yi wa aikinsu. Makarantu masu zaman kansu nawa ne ke biyan malami abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, in ya yi magana a ce ladan malami sai a lahira? Malaman Islamiyya nawa ne ke wata uku ba a sallame su ba, an san kunya da son karatun ba za su bari su tafi ba? Haka ake yi wa marubuci, a karɓi labarinsa a ce ai tallata shi ake yi. Musulunci ya yi umarni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, bai ware mai son aikinsa ba. Wanda ya haƙura da babban albashi a wani wuri bai yafe haƙƙinsa a inda yake ba. Mu kuma da muke kai 'ya'yanmu wurin irin waɗannan mutane, mu sani rangwamen da muke samu daga cikin tukunyar gidansu yake fitowa.

Abin da ya rage mana

Mun tsaya a kan cewa zaɓen aikin da ake so a kan babban albashi abu ne mai kyau, sau da yawa ma shi ya fi alheri ga mutum da al'ummarsa, amma da sharaɗi. Abin da za a samu ya ɗauki wajibai, ci da sha da muhalli da magani da karatun yara, domin waɗannan haƙƙi ne ba a kyauta da su. A tabbata son ya jure ɓangaren aikin marar daɗi, kuma akwai ƙwarewar da wasu suka shaida. Sannan mai zaɓin ya fara biyan cikon daga jikinsa, ya haƙura da sabuwar waya da babbar shadda da motar da sa'o'insa ke hawa, kuma kada ya dawo yana jin haushin waɗanda suka zaɓi kuɗi suka samu.

Abin da ya saura na cikon, wanda dole ya faɗa kan wasu, a je a zauna da su. A gaya wa iyaye gaskiyar lissafi, ga abin da zan iya kawowa duk wata, ga abin da ba zan iya ba. A gaya wa mata ko miji tun kafin a ajiye takarda, kada su ji a bakin maƙwabta. Uwar da aka tambaya ta ce je ka Allah Ya yi albarka, kyauta ta yi, kuma za ta ci tuwonta ba nama da daɗin rai. Wadda ba a tambaya ba kuwa haraji aka ɗora mata. Tuwon iri ɗaya ne, amma zaman gidan ba zai zama ɗaya ba.

Mu iyaye da yayye ma akwai namu. Idan yaro ya ce Hausa zai karanta ko aikin gona ko zane, kafin mu ce me za a ci da shi, mu tambayi kanmu ko buƙata ce ke magana ko son a ce ɗan wane likita ne. Idan gidan ba zai tsaya ba sai da albashin nan, mu faɗa masa a fili, mu kuma gode masa, domin shekarunsa yake ba mu. Idan kuwa gidan zai tsaya, to mu sassauta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma wata rana mu ne za mu kwanta a gadon asibiti ko mu kai jika makaranta, muna addu'ar Allah Ya haɗa mu da wanda yake son aikinsa.

Wanda kuma ya duba duk wannan ya ga ba shi da zaɓi, ya kama mai tsokar don a rufa asirin gida, kada ya ɗauka ya ci amanar kansa. Ciyar da iyali ma abin so ne, kuma ya isa dalilin tashi da safe. Ya riƙe amanar aikin, ya ware wa abin da ransa ke so ko da awa ɗaya ce bayan isha'i. Allah Ya sa wa nemanmu albarka.